Wane Maraƙi, Baba?

Kwatarkwashi, ranar Litinin.

Zuwa ga Gwaggo Tabawa, a Dakko.

Assalamu alaikum, Gwaggo. Ni ce Bushira. Ina gaishe ki, gaisuwa mai yawa. Ƙaƙa jikinki, ƙaƙa ƙafar taki, ƙaƙa damina? Ƙaƙa Baba Gajere da mutanen gida duka, manya da yara? Mu nan lahiya lau muke. Mun sauka lahiya, ba mu gamu da komi ba ga hanya sai masu duba mota. Tun da anka yanke sabis ba damar in kira ki, shi yas sa nike magana Nusaiba tana rubutawa, matar wan maigidan, 'yar Maradun ɗin nan da kis sani. Ta ce in bi a hankali, bakina ya fi hannunta sauri. Direban Mafara za mu ba takardar, shi kuma ya miƙa ma 'yan Bakura.

Na gode da karɓar yaye da kiy yi ranar Juma'a. Allah shi saka miki, Allah shi bar min ke.

Gwaggo, ashe abin da ake ce ma dutse ban taɓa ganin shi ba. Ni da nike zaton kamar tudun bakin dam ne, a ɗan hau a sauka. Wanga kuwa in kit tsaya gindinshi kika ce za ki ga ƙarshenshi, sai ɗankwali ya faɗi. Da sahe hadari kan sauko ya zauna bisa kanshi kamar an naɗa mishi rawani.

Jiya munka hau, ni da Nusaiba da wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Iya Hindu, mai zuwa ɗibar ganyen magani can bisa. Tsohuwa ce tukuf amma ta bar mu baya tana ta yi min tsiya. Wai, “Ke 'yar Mafara, ku da kunka saba da ƙasa shimfiɗe kamar faifai, cire silifas ɗin nan kada ki gangara ki riga mu isa gida.” Nic cire, nir riƙe ga hannu, ina hawa da ƙafa da gwiwa kamar mai rarrafe.

Can bisa akwai ramuka cikin dutsen cike da ruwan sama, sanyi kamar na firji. Akwai wuraren da dutse yal lotsa, sumul, Iya tac ce nan matan dauri ke niƙa lokacin da mutane ke zaune bisa. Ta kai mu bakin wani kogo tac ce zamanin kakanninta can samari ke shiga kamun maiki, ƙaton tsuntsun nan, ana ta kiɗa ƙasa ana jiran a ga wanda za shi sauko da shi da rai. Nic ce mi ake yi da maiki, ci ake yi? Tac ce, “Ji min matar mahauci, komi tag gani sai ta tambayi tukunya.” Muna cikin haka wani biri yaw wabce min dafaffiyar masara ga hannu, yak koma gefe shina ci shina kallona kamar ni ce ɓarauniyar.

Gwaggo, na yi dariya. Na yi dariya har da riƙon ciki. Motocin Gusau can ƙasa kamar tururuwa, gonakin gero kamar an shimfiɗa tabarmi. Iska tak kwashe min gyale, ban ma yi saurin bin shi ba. Rabona da in ji jikina sakayau haka, ba kowa bisa bayana, har na manta. Sai da munka zauna hutawa Nusaiba tac ce, “Bushira, dubi rigarki.” Gaba duk ya jiƙe. Sannan nit tuna abin da yas sa bayana ba nauyi. Tun daga nan ban ƙara ganin kyan komi ba har munka sauko. Iya Hindu ta ba ni wani ganye ta ce in dafa in sha, in shafa sauran, nonon ya kafe in huta da ciwo. Na fara.

Maigidan ya bi wanshi ƙauyuka neman awakin gida, tunda an ruhe kasuwannin dabba. Sai Juma'a za su dawo.

To Gwaggo, kin san akwai abin da bakina ba shi iya faɗi, balle gaban dangin miji. Ga Nusaiba nan tana murmushi. Maraƙina fa? Shina ci? Ya daina neman nono? Ki faɗa min gaskiya, ko mi ne ne, kada ki rage min komi.

Ki huta lahiya. Ɗiyarki, Bushira.

*

Dakko, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Bushira.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lahiya kamar yadda muke nan. Ki gai da mijinki Ɗan Asabe da wanshi Mas'ud da iyalinshi. Ki ce ma Ɗan Asabe awakin damina sai an duba hanci da kofato, kada ya yi gaggawa.

Takardarki ta ishe ni jiya da marece. Tabawa ba ta nan, tana asibiti Bakura tun shekaranjiya, can take kwana, shi yas sa nib buɗe. Labarin dutse da birai na gani. Allah shi ƙara nishaɗi. Mu nan ciyawa muke nema.

Batun maraƙinki, tunda kin ce a faɗa miki gaskiya, sai haƙuri. Tun da anka raba shi da uwa bai sake lahiya ba. Ba abin da ba a ba shi ba. Madarar gari an dama, kunu an dama, ni da kaina nir riƙe bakinshi ina ɗura mishi, shina zubarwa. Aikinshi kuka, ya dubi ƙofa, ya yi kuka, har murya tad dushe. Sannan zawo yak kama shi. Jiya da hantsi yak kwanta bai tashi ba. An kai shi bayan gari kahin azahar.

Bai isa rabuwa da nono ba, duk wanda yag gan shi ya san bai isa ba. Wanda yar raba shi da uwa, shi da Allah. Ni dai ban yahe ba.

Kada ki tada hankalinki ki ce za ki taso. Hanya ba ta da kyau, kuma zuwanki ba shi tada shi. Kina da ƙuruciya, Allah shi ba ki wani. Ki gama kallon dutsenki.

Ni ne babanki, Gajere.

*

Kwatarkwashi, ranar Alhamis.

Gwaggo,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki. Ban san ko kina lahiya ba, ban san mi yak kai ki asibiti ba. In Baba ne yas sake buɗe wagga takarda, Baba ina gaishe ka, don Allah don Annabi kada ka tsallake komi, ka kai ta hannun Gwaggo ko ina take.

Takardar Baba ta zo. Nusaiba tak karanta, nic ce ta sake, tas sake. Ban san lokacin da nih hita ba. Sai ga ni bakin titi ba takalmi ina tsai da kowace mota, har ta itace. Iya Hindu ce tak kamo ni. Yanzu Nusaiba ta ɓoye min gyale, ta ce ba inda za ni ni kaɗai bisa wagga hanya sai maza sun dawo gobe.

Su biyun sun ce in tsaya in yi tunani. Iya ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an faɗi rasuwar mutum haka ba, ba innalillahi, ba batun sallah, har ana batun hancin awaki. Nusaiba tat tambaye ni ko ina da wata dabba Dakko. Nic ce saniyar da marigayi mahaifina yab bar min tana garken Baba, amma ni ban ji ta haihu ba. Sunka ce to ƙila shi ke nan. Gwaggo, ina son in yarda da su, wallahi ina so. Amma wace dabba ce ke duban ƙofa? Haka shike yi in na shiga wanka. Ya zauna ya sa ma ƙofa ido har in hito. Kuma mi yak kai ki asibiti ki kwana, ke da ko allura sai an yi da gaske kike yarda?

Baba ya ce bai yahe ma wanda yar raba shi da uwa ba. Ni ce. Ba wani ba ne, ni ce.

Ƙarya niy yi miki ranar Juma'a. Na ce miki ya isa yaye, shina cizona, ya hi son tuwo. Bai taɓa cizona ba. Da sauran watanni. Maigidan ne yac ce za shi wajen wanshi ya yi mako, nic ce ya tahi da ni, ban taɓa wuce Mafara ba, kullum Nusaiba in ta zo sai labarin dutse. Yac ce ba shi ɗaukar jinjiri bisa wagga hanya, in da na yaye da mun tahi. Da wasa yaf faɗa, shina wanke wuƙaƙe. Ni ce ban ɗauka wasa ba. Kwana biyu ina juya maganar, nic ce mi ne ne 'yan watanni, ai wasu ma ba su kai nan ba. Niɗ ɗaure kayanshi nik kawo miki. Da za ni hita kic ce in zame ta bayan rumbu kada ya gan ni. Gwaggo, ban zame don shi ba. Sauri nike kada mota ta tashi.

Kuma ganyen Iya Hindu ya yi aiki. Yau da sahe na matsa, ba komi. Ko an kawo min shi yanzu ba ni da abin ba shi. Ranar da Baba yac ce an kai shi bayan gari, ni ina gidan wata mai saƙar faifai ina zaɓen launi, ina cewa ja ya hi kore kyau.

Dutsen nan ta taga nike ganin shi. Na ce Nusaiba ta saki labule.

Ki faɗa min, maraƙin da Baba ke nufi

Nusaiba ta aje biro. Ta ce ba ta ƙara rubuta maraƙi, maraƙin nan shi yak kai mu inda muke. Ta ce ko in faɗi wanda nike tambaya, ko ta tashi ta ɗora girki. Nic ce ke ai kin san sunan, rubuta mana. Tac ce takardata ce ko taki? Abin da kif faɗa shi nike sawa.

Gwaggo, ke kih hore ni. Ke kic ce ɗan fari ba a kiran sunanshi, ba a yi mishi wasa gaban mutane, ba a tambayar lahiyarshi da baki. Tun ranar suna ban taɓa faɗi ba, ko ni kaɗai cikin ɗaki. Ki yahe min, yau za ni faɗi.

Abdulwahab. Ɗana, Abdulwahab. Shina da rai?

Bushira.

*

Dakko, ranar Asabar.

Shina da rai. Na ce ma Ɗantala mai shago ya fara sa wannan kahin gaisuwa, ya ce ba a fara takarda haka, nic ce yau an fara.

To, salamu alaikum, Bushira. Muna lahiya, ƙafa da sauƙi. Ki gai da mijinki da Mas'ud. Nusaiba kuwa ki ce mata Allah shi yi mata albarka, ta hi ku hankali ke da Gajere in an haɗa.

Saniyarki ta haihu farkon damina. Ba a yi nisa ba ɓarayi sunka kore ta wajen kiwo tare da shanun unguwa, ɗan shina turke gida. Ni nih hana a faɗa miki, nic ce mai goyo ba ta buƙatar baƙin labari. Wannan shi ne maraƙin da yam mutu, kuma ɓarayin ne Gajere bai yahe ma ba. Shi ina yas san da wani suna da kike kiran yaro da shi, ni da ke cikin ɗaki? Nic ce mishi to kai da kar rubuta takarda guda, mi yah hana ka ce yaro na nan? Wai kunyarki yaj ji, ba a yi ma uwa zancen ɗan fari. Ke kina kunya, shi shina taya ki, kun taru kun kusa kashe min miji, jikana, da baki. Tun da yaj ji taki takardar ya shige garke, ko tuwo sai can anka kai mishi.

Amma kada ki yi saurin sakin ajiyar zuciya. Asibitin da nit tahi, da shi nit tahi. Ya ƙi kunu, ya ƙi hura, zazzaɓi ya ruhe shi, zawo ya biyo baya. Sai da anka ƙara mishi ruwa. Jiya munka dawo. Ya rame, wuyanshi kamar na ɗan tsako. Malamar asibitin tat tambaye ni watanninshi, nif faɗi, tac ce wa yay yaye shi yanzu cikin damina? Nic ce ni. Tac ce in uwar na kusa a kira ta a mai da shi ga nono. Nic ce uwar ta yi nisa. Ban ce tana bisa dutse ba.

Batun ƙarya kuma, ki daina ba kanki girma. Ba ki iya yi min ƙarya. Ni niy yanke cibiyarshi, na san watan da anka haihe shi. Kina shigowa nig ga idonki na bisa hanya. Nic ce yarinyar ga tun tana ƙarama ba ta taɓa roƙona zuwa ko'ina ba, bari ta ga duniya ko sau ɗaya, ai na yaye yara da yawa, wanga ma ba shi gagara ta. Ya gagare ni. Laihin namu ne mu biyu, kada ki kwashe duka ki bar ni hannu wofi.

Takardarki Ɗantala yak karanta tsakar gida, da muryar nan tashi kamar mai kiran sallah, mata na surhe. Da yaz zo ga sunan sai taɓare sunka tsaya. Wata ta ce la'ilaha, wata na dariya, wai Bushira ta kira ɗan fari, har sau biyu. Ban kula su ba. Mijin nawa, yaron, na kwance ga cinyata, ko motsi bai cika yi ba. Shina jin sunan yaɗ ɗaga kai. Bai dubi Ɗantala ba. Ƙofa yad duba.

Yanzu ki ji da kyau. Tunda nonon ya kafe, ba ki da abin da za ki zo mishi da shi sai ƙirjin da za shi nema ya rasa. Jiya yaf fara karɓar kunun gyaɗa, ludayi biyu, yau ya ƙara. In ya gan ki za shi ture kwanon, mu koma Bakura. Ko kun dawo Mafara, kada in ga ƙafarki Dakko sai na aiko. Ba horo nike miki ba. In ma horo ne, ki ɗauka.

Gwaggonki, Tabawa.

*

Talata Mafara, ranar Talata.

Zuwa ga Gwaggo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gai da ƙafa, ina gai da ɗawainiya. Mun dawo jiya lahiya. Maigidan ne ke rubutawa, ya ce a ba Ɗantala haƙuri, hannun ya hi sabawa da wuƙa. Ya ce kuma in ana rabon laihi a aje mishi nashi kason, shi yaf fara maganar.

Ki ce ma Baba ya hito daga garke. Ban riƙe shi da komi ba. Ina yi mishi jajen saniya da ɗanta, na san shi yash sha wahalarsu.

Ga ƙullin garin kunu nan, ni nid daka da hannuna, na sa gyaɗa da yawa. Ga hanta da ƙashi daga maigidan, a yi romo. In za ki ba shi kunun ki bari ya huce sosai, kuma ba shi son a riƙe mishi hannu. Ki ba shi ludayin ya riƙe, ke ki yi da wani. Da na faɗa miki haka tun ranar Juma'a.

Maƙwabta na ta shigowa, wai ƙaƙa dutse, da gaske ya taɓo hadari? In ce e. Su jira in ƙara, ba ni da abin ƙarawa. Faifan da nis sayo ma ban kwance shi ba.

Kin san gidanmu bayan tasha shike. Tun sahe nike jin masu lodi, Bakura, Bakura, saura mutum ɗaya. Ɗazu har na sa takalmi. Na cire. Na ji maganarki, ba ni zuwa sai kin aiko.

Abu ɗaya nike roƙo. Ranar da niz zo, in ya gan ni ya juya baya ya maƙale miki, kada ki tilasta mishi, kuma kada ki bari matan gida su yi dariya. Ni za ni zauna bakin ƙofa har ya gaji ya dube ni.

Maigidan ya tsai da biro, shina kallona, shina jiran ya ji da mi za ni kiran yaron gabanshi. Rubuta mana, mi kake kallo?

Gwaggo, ki ce ma Abdulwahab uwarshi tana nan Mafara. Tana jiran a aiko.

Bushira.